Rabon Maƙeri

Shekara talatin da tara ina auren Saverio, ban taɓa sayen kifi a lokacin zafi ba. Kada ku ce rowa ce. Mijina maƙeri ne, shi ke ƙera kan mashin da ake sukar mai takobi da shi, kifin nan da ya fi mutum tsawo, wanda ke ratsa mashigin tekunmu daga watan Mayu zuwa Agusta. A garinmu duk kifin da aka soka, naman da ke kewaye da inda mashin ya shiga na maƙeri ne. Botta muke ce masa. Mai jirgin kamun kifin da kansa yake yanko shi, ya naɗe a takarda, ya hawo matakala saba'in da biyu daga bakin ruwa zuwa ƙofarmu, ya kira Saverio da sunan girman da ake ba gwanin sana'a, ya ce, "Mastro, ƙarfenka ya ci." Saverio ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Hannunka ne ya ci." Haka ubansa ya karɓa, haka kakansa.

Botta yana da dokarsa. Ba a sayar da shi, a gidan maƙeri ake dafa shi, kuma ba a mayar da shi. Maƙerin da ya mayar da botta ya sallami jirgin ke nan, babu sauran abin da ke tsakaninsu har abada.

To, bari in faɗi abin da ba a faɗa a gaban Saverio. Jirage huɗu suka rage a garin, kuma uku daga cikinsu sun daɗe da komawa mashin kamfani. Yaran da suka gaji jiragen suna hawo mana matakala ne don kunyar iyayensu kawai, alhali gidajen abincin bakin ruwa suna zawarcin wannan yanka ido rufe. Hannun Saverio ya fara rawa, rabonsa da ƙera sabon kai shekara biyar. Ya san duk wannan, ba yaro ba ne. Amma kullum ƙarfe biyar na yamma sai ya wasa wuƙa, ya sauko da shuɗin farantin da uwarsa ta bari, ya ajiye a kan tebur, ya zauna a ƙofa yana jiran takun ƙafa. Muddin ana hawowa, shi maƙeri ne.

Tiziana ita kaɗai muka haifa. Shekara goma sha ɗaya tana aure a birnin Torino, ciki biyu suka zube, na biyun yana wata biyar. Ni na je na kwashe kayan jarirai daga ɗakin kafin a sallamo ta daga asibiti, na cusa su a jaka na kai coci, don haka babu abin da wani zai koya mini game da wannan ciwo. Da ta samu na uku, mijinta ya sako ta a jirgin ƙasa a farkon Mayu, ya ce iskar teku za ta yi mata daɗi, da hannun uwa.

Hannun uwa kuwa ta same shi. Mako uku ina ɗura mata botta rana da dare, a gasa a kan gawayi, a zuba man zaitun da lemon tsami da tafarnuwa. Nawa rabon ma ita nake tura wa. Tana ci ina kallo ina jin daɗi, ina cewa a raina wannan karon ɗan zai zauna, don me zai gudu ya bar irin wannan gara?

Ranar awo na raka ta. Likitar yarinya ce, ba ta ma kai Tiziana ba. Ta gama dube-dubenta ta ce, "Me take ci?"

"Abin da ko shugaban ƙasa ba ya samu," na ce. "Botta, daga ruwa sai wuta."

"Sau nawa a mako?"

"A mako? A rana dai za ki tambaya, 'yata."

Ta ajiye biro, ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. Tun daga nan na san ruwa ba ya tsami banza.

"Mama, kin san zaiba? Ruwan ƙarfen nan da ke cikin tsohon ma'aunin zazzaɓi. Akwai ta a teku, kaɗan-kaɗan. Ƙaramin kifi ya haɗiyi kaɗan, wanda ya fi shi ya cinye shi, wani ya cinye wancan. Mai takobi kuwa sai ya shekara goma yana cin kowa, duk tana taruwa a namansa. Wuta ba ta kashe ta, lemon tsami ba ya wanke ta. Ke da kika gama haihuwa, in kin ci jefi-jefi ba laifi. Amma a jikin mai ciki jini take bi ta je wa ɗan, kuma ƙwaƙwalwarsa take nema."

Na ce, "Wanda ta riga ta ci fa?"

"Wannan ya wuce. Za mu auna jininta mu gani. Daga yau ne ke hannunmu. Kada ta daina cin kifi, ɗan yana bukatarsa. Ƙanana za ta ci, alici da sadin, a dafa su sosai. Su ba sa daɗewa a ruwa balle su tara."

Alici. Sai da na kusa dariya, duk da hawayen da ke idona. Uwata alici ta sayar har ta mutu, a kwando a kanta, ƙauye-ƙauye, ƙafa ba takalmi. Da na auri maƙeri ta yi murna ta ce na rabu da ƙarni. A gidan Saverio alici abincin kyanwa ne. Ga shi yau an ce shi ne abincin jikana, ni kuma da hannuna na yi mako uku ina zuba masa guba ina fahariya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Kafin motar haya ta iso da mu gida kunyar ta koma wani abu mai tauri a ƙirjina, na rantse ko loma ɗaya ba za ta ƙara wucewa ta maƙogwaron yarinyar nan ba.

Saverio ya saurare ni yana goge wuƙa.

"Nata," ya kira sunana, "ni da naman nan aka yaye ni. Ga ni nan."

"Ga ka nan kuwa. Jiya awa guda kana neman tabaranka yana kan hancinka."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kin san abin da kike nema?"

"Ban ce ka mayar ba. Mu ci ni da kai, ita ta ci alici."

Na ɗauka dabara ce na yi, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Gidanmu ɗaki uku ne a kan juna, in an ɗora nama a gawayi a ƙasa, wanda ke sama ya fi mai gashin jin ƙamshi. Tiziana za ta zauna da farantin alicinta tana juya shi da cokali, idonta na kan namu. Rana ta uku ta tashi daga tebur tana kuka.

Nan Santina ta samu ƙofa. Santina yayar Saverio ce, shekararta saba'in da takwas, ba ta taɓa aure ba, gidanta na manne da namu, kuma da yake 'yar maƙeri ce tana da kujera a teburinmu duk ranar da botta ya shigo. Tun ranar da aka kawo ni take kirana 'yar mai kwando.

"Taɓa mazaunanki, Tiziana, maza," ta ce. "Kada ki kuskura hannunki ya kai fuska."

Kowa a garinmu ya san wannan. Mai ciki in ta yi kwaɗayin abu aka hana ta, duk inda ta taɓa a jikinta, nan ɗan zai fito da tabon abin. Shi ya sa ba a hana mai ciki, shi ya sa maƙwabci in ya dafa abu mai ƙamshi yake aiko mata ɗanɗano. Santina ta ja wuyan rigarta ta nuna mana jan tabon da ke kafaɗarta, wanda na gani ya fi sau dubu.

"Ɓaure ne. Wata marowaciya ta hana uwarmu ɓaure, ga shi ina yawo da shi har kabari. Ke kuma kina so jikan maƙeri ya fito da kifi a goshi."

"Yaya, gara kifi a goshi da guba a cikin kai."

"Likitan jiya-jiya ce za ta koya mana cin kifi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutse ba zai hango ba. Amma ban ga laifinki ba, jini ne. 'Yar mai kwando ta ga hanyar mayar da mu kwando."

Na haɗiye. Shekara talatin da tara ina haɗiyewa, na iya.

Bayan mako guda na hau rufin gida kwaso shanya, na tarar da Tiziana a bayan zanen gado tana lasar yatsa. A aljihun rigarta akwai maiƙo, ƙamshin tafarnuwa da lemo har inda nake. Ta kan katanga kuma na ga baƙin ɗankwalin Santina yana sauka.

"Kifi na ganinki, mai jar koma," na ce da ƙarfi yadda za ta ji. Sannan na juyo kan 'yata. "Sau nawa?"

"Uku, Mama." Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. "Na san abin da likita ta ce. Ni ce na binne biyu, ba ke ba. Amma in na ji ƙamshin nan sai hankalina ya bar jikina. In Goggo ta miƙo mini a cikin burodi ban san lokacin da nake cinyewa ba. Daga baya in kasa barci. Ki taimake ni, Mama, ni ba zan iya ba."

Na tsaya a kanta da niyyar faɗa, na sauko ba faɗa a bakina. Yarinyar ba ta da laifi, Santina ma, in za a bi gaskiya, so ne ya sa ta, irin son da ya sa ni mako ukun farko. Laifin na abin da ke shigowa ta ƙofa ne ƙarfe biyar. Washegari sakamakon jini ya fito. Likita ta ce ya haura inda take so, bai kai inda take tsoro ba, kuma dole ya sauka.

Na sami Saverio a maƙera yana goge uwar maƙerar da ba a buga ba shekara biyar.

"Ka mayar," na ce.

Ya ci gaba da gogewa.

"Saverio, muddin yana shigowa za a dafa, muddin an dafa za ta ci. Ba ni da ido a bayan kai."

"In na mayar ba za su dawo ba. Jira suke."

"Na sani."

"Kin sani." Ya ɗago ya dube ni. "To me zan zama?"

Ina da amsoshi, ni da ba a rasa magana a bakina, amma babu wadda ba za ta yi masa ciwo ba. Na fito. Kwana uku ba mu yi magana ba sai ta gishiri da ruwa. Botta yana zuwa, ina gasawa a tsakar gida da tagogi a rufe, ina tsaye a kan Santina har ta haɗiye lomar ƙarshe, ina duba aljihunta a bakin ƙofa. Gidan ya koma kamar ofishin kwastan.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci Candeloro ya hawo. Shi ne mafi tsufa a masu jirage, shi kaɗai ke suka da ƙarfen Saverio har yanzu, kuma shi ya riƙe Tiziana ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kumpari da kummari. Ƙarfe biyar ta kawo botta ba ta yi ba, amma yana rungume da wani dogon ƙunshi a cikin jarida, yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Sai da ya sa na rufe ƙofa sannan ya ajiye a kan tebur.

"Kummari, na samo mana mafita. Ba tsufan kifi ne ke tara dafin ba? To ga wanda bai tsufa ba. 'Yata ta ci ta kashe kwaɗayi, ke ki huta, Mastro ya riƙe rabonsa. Kowa ya tsira."

Ya buɗe jaridar. Jaririn mai takobi ne, duk da takobinsa bai wuce tsawon hannuna ba. Irin waɗanda masu dogon layin ƙugiya ke kamowa a ɓoye suna sayarwa ta bayan mota. Hukuma ta hana, kuma babu wanda ya kai Candeloro tsine musu. Na sha jin sa a bakin ruwa yana cewa saboda su ne jirage talatin suka koma huɗu.

Tiziana ta sauko, Santina ta shigo, Saverio ya tsaya a bakin ƙofar maƙera. Ba zan yi ƙarya ba, har na ɗauko wuƙa. Maganarsa ta hau kan maganar likita daidai, ƙarami bai tara ba. Na gaji da tsaro, na gaji da shirun mijina, ga mafita a kan teburina an kawo har gida. Na danne kifin da hannun hagu don in yanka, sai na ji takobin ya lanƙwashe a ƙarƙashin yatsana. Ko ƙwari bai yi ba.

"Kumpari, wata nawa ne wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Ban sani ba. 'Yan watanni dai. Biyar, shida."

Babu wanda ya dubi Tiziana, amma kowa ya ji lokacin da ta juya ta hau sama. Na ajiye wuƙar.

"Naɗe abinka," na ce.

"Ya riga ya mutu, kummari. Ko kin ci ko ba ki ci ba, ba zai koma ruwa ba."

"Wannan ba zai koma ba. Amma in na karɓa yau, gobe duk unguwa ta ji, kuma wa ke ƙin Tiziana a garin nan? Kowa zai so ya kawo mata nasa. Kafin ta haihu masu ƙugiya sun buɗe kasuwa a ƙofar maƙeri. Ba zan raya jikana da ɗan wata ba, ko da kifi ce."

"Ji mini wa'azi," in ji Santina. "An kawo wa yarinya magani kina..."

"Yaya, yi shiru."

Saverio ne. A shekara talatin da tara ban taɓa jin ya ce mata haka ba. Ya matso tebur, ya juya kifin da yatsa ɗaya, ya duba gefen nan, ya duba wancan, yana neman inda ƙarfe ya shiga. Babu. Sai ɗan rami a gefen baki inda aka fizge ƙugiya.

"Candeloro, a ina zan yanki rabona a nan?"

Candeloro ya kawar da kai. Saverio ya ci gaba.

"Kai ka ce wanda ya ci irin wannan ya ci jirgin jikansa. A gabana ka faɗa, ranar da aka sayar da jirgin ƙaninka."

"Don kai na yi, kumpari. Na ga matarka za ta raba ka da rabonka, na ce kafin a kai can..."

"Don ni." Saverio ya naɗe jaridar da kansa, ya miƙa masa. Ya koma maƙera ya ja ƙofa.

Ban san abin da ya yanke ba, kuma ban jira ba. Litinin ƙarfe huɗu da rabi na ɗaura ɗankwali na sauka matakala saba'in da biyun nan. Jiragen suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, masu hangen kifi suna saukowa daga kan dogayen hasumiyoyin jiragen. Biyu sun yi sa'a a ranar, kifaye uku a kwance a kan dakali, mutane sun kewaye. Na ratsa su na tsaya a gaban Nicodemo, wanda ya fi sauran yaran baki, daidai lokacin da ya durƙusa zai yanki botta.

"Bar shi a jikinsa," na ce. "Daga yau kada wanda ya ƙara hawo mana da shi."

Ya ɗago yana murmushi, ya kira ni da sunan girmamawa. "Donna Nata, yaushe kika fara ƙira? Ban ji ƙarar gudumarki ba."

Aka yi dariya.

"Lokacin da nake share maka majina ba ka tambayi sana'ata ba."

Aka ƙara dariya, wannan karon a kansa. Amma ya ce, "Ni dai da so samu ne, kin san ba zan ƙi ba. Sai dai maganar matar maƙeri ba maganar maƙeri ba ce. In na ƙi kaiwa a kan bakinki, ubana zai tashi daga gadon jinya ya fasa mini kai."

Gaskiyarsa ce, kuma na san haka tun kafin in sauko. Na tsaya dai, don ban ga hanyar komawa ba. Na ce a raina in ya yanka zan tare matakala da jikina, ya bi ta kaina. Sai na ga mutane suna waiwaye suna buɗe hanya.

Saverio ne ke saukowa, yana dafa bango. Ya sa tsohuwar rigar fatarsa ta aiki, wadda tartsatsi ya huhhuje, wadda rabona da ganinta a jikinsa shekara biyar. Ya daɗe kafin ya iso. Ya tsaya kusa da ni bai dube ni ba. Akwai kalmar da ake faɗa in maƙeri zai sallami jirgi, ni kaina sau ɗaya na taɓa jin labarinta a bakin surukata.

"Nicodemo, ƙarfena ya ƙoshi."

Murmushin ya bar fuskar yaron. Ya miƙe tsaye ya cire hula. Saverio ya juya wajen na biyu ya faɗa, ya faɗa wa na uku. Da ya zo kan Candeloro, tsohon ya juya baya yana kwance igiyar da ba ta ɗaure ba.

"Ban ji ba," ya ce. "Iska ta yi yawa."

"Kumpari, ƙarfena ya ƙoshi."

"Ka bari sai ta haihu mana, mu..."

"Ba a sallama rabi. Ka sani, na sani."

Candeloro ya goge fuska da hannun riga, ya gyaɗa kai.

Muka juyo. A gindin matakala akwai matar da ke sayar da ƙananan kifi a kan teburin katako, inda mata ke layi da jaka. Saverio ya tsaya. Mutumin da bai taɓa sayen kifi ba tun da aka haife shi ya shiga layi a bayan mata uku, da rigar fata. Da aka zo kansa ya dubi alicin ya dube ni.

"Ke 'yar mai kwando, yaya ake gane mai kyau?"

Shekara talatin da tara ana jifana da wannan suna, ranar ce kaɗai ya yi mini daɗi. Na nuna masa: ido garau, jiki a miƙe da ƙyalli, ciki bai fashe ba, kuma kada ya kasa tsawon yatsar tsakiya, don alici ma yana da jarirai. Ya zaɓa ɗaya-ɗaya har matar ta fara tsaki. Shi ya ɗauko ƙunshin har sama.

Sauran watannin aiki ne kawai. Na bi gidajen unguwa ƙofa-ƙofa na ce duk mai son aiko wa Tiziana ɗanɗano ya aiko ƙaramin kifi, mai gasa babba kuma ya taimaka ya rufe tagarsa. Wasu sun ji haushi, ban damu ba. Na tono duk dahuwar da uwata ta koya mini wadda na yi shekaru ina ɓoyewa: alici a kasko da garin burodi da lemo, alici a miyar tumatir, sadin a gasa a kan ganye. Da ƙamshin ya bar gidan, kwaɗayin ya bar Tiziana cikin mako biyu. A watan Satumba likita ta duba takarda ta yi murmushi. Santina kuwa ta ɗauke mini gaisuwa, ta ɗauke ƙafa daga teburinmu.

Tiziana ta sauka a watan Nuwamba, mace, da kuka kamar za ta tsaga asibiti. Santina ta zo ba a gayyace ta ba, ta karɓe jaririyar ta kwance mata zane, ta duba goshi, bayan kunne, hammata, har tsakanin yatsun ƙafa. Ba ta sami komai ba.

"Ai ni na sa ta taɓa mazaunai," ta ce. Ta juya yarinyar ta duba can ɗin ma, babu. Ta ce, "To, addu'ata ce." Na bar mata, don in ba a bar wa Santina wani abu ba ba a zauna lafiya.

Da zafi ya dawo, Tiziana ta kawo mana yarinyar hutu. Wata rana a watan Yuni muka ji ƙahon jirgi sau uku daga mashigi, alamar an soki babba. Ina wanke-wanke ban kula ba, sai da na ji ƙarar wuƙa a kan dutsen wasa. Na leƙo. Saverio ya sauko da shuɗin farantin ya ajiye a kan tebur, ya wasa wuƙa, har ya kama hanyar ƙofa. A tsakiyar ɗaki ya tsaya. Na ga lokacin da ya tuna.

Ya fita duk da haka, ya zauna a inda ya saba. Ƙarfe biyar ta yi, ta wuce. Daga ƙasa ana jin hayaniyar masu gidajen abinci suna rige-rige. Babu wanda ya hawo. Ban yi nadama ba, kuma ko yau aka dawo da ni bakin ruwan nan abin da na faɗa zan faɗa. Amma na tsaya a bayan labule ina kallon ƙeyar mijina, zuciyata ta yi ciwon da ban san inda zan kai shi ba.

Ban mayar da farantin ba. Na dafa alici na juye a kai, na kai masa ƙofa tare da yarinyar, na ɗora masa ita a cinya. Watanta bakwai, ta fara cin abinci, kuma duk abin da ta gani a hannun mutum nata ne. Ta miƙa hannu za ta cafka.

"Tsaya, sarauniya, akwai ƙaya," ya ce.

Ya sa tabarau, ya ɗauki kifi ɗaya ya buɗe shi. Yatsun da suka kasa riƙe guduma suna rawa, ƙayar kuwa ta fi gashi siranta. Na ce ya kawo in cire. Ya ture hannuna. Ya daɗe a kai, ya zare ta farko, ya zare ta biyu, ya murje naman tsakanin yatsu har sau uku, sannan ya sa mata ɗan mitsitsi a baki. Ta tauna da dasashi, ta ɓata fuska, ta haɗiye, ta sake buɗe baki.

"Nata," ya ce, bai ɗago ba. "Ta ci."

Na san amsar, shekara arba'in ina jin ta a wannan ƙofa.

"Hannunka ne ya ci, Mastro," na ce.